Kwalbar da Baffa Ya Ture

A walimar auren ƙanwata abin ya faru. An jera kwalabe a kan tebura, dogayen nan masu koren gilashi da takardar zinari a wuya, waɗanda in an buɗe su sai ka ji ƙara kumfa ya taso. Baffa ya dubi ta gabansa, ya ture ta da bayan hannu, ya yafito ni.

"Kai da ka je ƙasar Turawa, zo ka faɗa mini. Giya aka kawo mana?"

Na juya bayanta na karanta masa: ruwan inabi, sukari, iskar gas. Na ce, "Baffa, lemo ne. Rigar giya kawai aka sa masa." Ya girgiza kai. Ban yi musu ba, domin akwai abin da ban faɗa masa ba. Wata shida kafin ranar, ni da nake karanta masa bayan kwalba na sha abin da ya fi wannan kusanci da giya, kofi biyu, har ina godiya.

Kamfanin da nake rubuta wa manhaja daga gida yakan tara ma'aikatansa sau ɗaya a shekara. A wannan karon a Porto aka yi, a ƙasar Fotugal. Cikin jadawalin akwai ziyarar rumbunan ajiyar giyar inabi da ke tsallaken kogin Douro, a Vila Nova de Gaia. Na san abin da malamai suka faɗa a kan zama inda ake shan giya. Na tafi duk da haka, kuma gaskiyar magana tsoro ne ya kai ni, kada a ce wannan ɗan Najeriyar ba ya shiga mutane. Ban kawo wannan a matsayin uzuri ba.

Rumbun duhu ne da sanyi, gangunan katako jere har ƙarshen gani, ƙamshin wurin kamar an jiƙa zabibi da dabino a tsohon akushi. Matar da ke zagayawa da mu ta fara daga tushe. Yis ne ke cinye sukarin da ke cikin ruwan inabi, ya mayar da shi sinadarin da ke sa maye. Giyar inabi ta yau da kullum tana ɗauke da kamar kashi 12 zuwa 14 cikin 100 na sinadarin. Tasu ta Porto takan kai wajen kashi 20, domin ana zuba mata barasa mai ƙarfi tun yis bai gama aikinsa ba, shi ya sa take da zaƙi.

Abin da ya ba ni mamaki, abokan aikina masu sha ba su fi ni sani ba. Dukanmu mun ɗauka jan inabi ke ba da jar giya, fari ya ba da fara. Ashe ruwan yawancin inabi ba shi da launi. Ɓawon ne ke rina shi idan aka bar su tare, kuma akan yi farar giya daga baƙin inabi. Mun ɗauka duk wadda ta tsufa ta fi kyau. Ta ce akasarin abin da ke kanti an yi shi ne don a sha cikin 'yan shekaru, in ya daɗe lalacewa yake yi. Ɗan ɗanɗanon da ake zuba wa mutum a gidan abinci kuwa, wanda wani saurayi a cikinmu ya ce yana sa shi gumi don bai san me zai ce ba, dubawa ce kawai ko kwalbar ta ɓaci, ko tana warin jiƙaƙƙen kwali. Ta ce da shi ya shinshina, ya kurɓa, in ta yi masa daɗi shi ke nan, kada farashi ya tsorata shi.

Sai ta kawo labarai biyu, na kuma bincika daga baya na same su haka. A 1976 a Faris, an ba ƙwararrun Faransa giya su ɗanɗana ba tare da sun ga kwalaben ba, sai na Kalifoniya suka zo na ɗaya, abin da ya zama abin kunya ga ƙasar da ke ganin ita ce uwar sana'ar. A 2001 kuma, masu bincike a Bodo suka rina farar giya da jan launi marar ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu koyon fannin. Ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Na yi dariya sosai a lokacin. Ban san kafin a kwanta ni ma ido zai yaudare ni ba.

Da aka zauna cin abincin dare, mai hidimar ya lura ruwa nake sha, ya kawo mini kwalba ta daban, ya nuna rubutun da ke jikinta cewa babu barasa. Na ji daɗin kulawar. Sai dai abin ba shi da zaƙin lemo. Yana da bauri, irin wanda goro ke bari a harshe, da wani tsami-tsami. Wannan baurin ne ya hana ni barci.

A aikinmu akwai darasin da kowa ke koya da wahala: sunan da aka raɗa wa wani sashe na manhaja ba hujja ba ne, sai ka buɗe ka karanta abin da yake yi. Na buɗe kwamfuta a ɗakin otal na karanta. Abin da na sha cikakkiyar giya ce tun farko. An bar ta ta tsima har ƙarshe, daga baya aka cire sinadarin, ko dai ta hanyar ɗumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko ta tace ta da matsi. A dokar Tarayyar Turai, irin wannan tana iya riƙe har rabin kashi ɗaya cikin 100. Malamai sun saɓa a kanta. Wasu na duba cewa ba ta sa maye komai yawanta; wasu, kamar majalisar fatawa ta Malesiya, na duba asalinta su ce ai an riga an yi ta giya. Ni ba malami ba ne. Na yi istigfari, na bar ta.

A daren na kuma gano cewa zancen wuta na ƙone barasar da aka zuba a miya rabin gaskiya ne. Bayan rabin sa'a a kan wuta, kusan kashi ɗaya cikin uku na nan. Na tuna wani naman da na ci a wata tafiyar, na rufe kwamfutar.

Harshenmu ma yana da hannu a ruɗanin. "Ruwan inabi" muke ce wa matsattsen inabin da yaro zai sha, da shi kuma fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ke kiran wanda ya tsima. A kanti kuwa duk "wayin" ne. Abubuwa uku ke nan a suna ɗaya: wanda bai taɓa tsima ba, wanda ya tsima aka cire, da wanda ya tsima aka bari. Kwalbar Baffa ta farkon ce.

Na so in yi masa wannan bayanin a wurin walimar, har na fara. Na ce, "Baffa, ko kunun zaƙin nan namu, in aka bar shi kwana biyu a zafi, hanyar da zai bi ke nan."

Ya ce, "Wa ka ga yana barinsa ya kwana biyu?"

Ya sa aka kwashe kwalaben daga teburin dattawa, yara suka yi wawarsu. Aka kawo masa zoɓo a jug, ya zuba mini nawa kafin ya zuba nasa.