Dashen Albasa a Shekarar Tsoro



Akwai abin da na daɗe ina so in faɗa muku, kunya ce ta hana ni. A ƙarshen shekarar 2021 na yi kusan wata biyu ina tsayawa gabanku ina wa'azi, alhali a ɗakina ba na addu'a. Ba wanda ya sani. Uwargida ma sai daga baya ta gane.

Kun tuna yadda shekarar nan ta kasance. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Ranar 1 ga Satumba aka shiga makarantar Kaya a Maradun, aka tafi da ɗalibai sama da 70. Cikin makon nan aka katse layin waya a Zamfara, ga kasuwannin mako a rufe, ga an hana sayar da fetur a jarka. Mu nan Birnin Tudu, in ɗan'uwanka ya tafi Talata Mafara bai dawo ba har magariba, ba ka da abin yi sai kallon hanya. Muka daina sujadar dare. Iyalai suka fara komawa Gusau da Sakkwato, benci ya riƙa zama wayam, layi bayan layi.

Ban daina ba da gaskiya ga Allah ba. Sa zuciya ce ta bushe mini. Na dakatar da ajin baftisma, na ce sai ƙura ta lafa. Nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba ma, sai ƙura ta lafa. Komai na ɗage shi zuwa wata rana da ni kaina ban yarda za ta zo ba, ina kiran abin hikima.

Wajen Nuwamba na je duba wani dattijon ikilisiyarmu da ke noman rani a bakin magudanar ruwan Bakolori. Na tarar da shi a sunkuye cikin laka yana dashen albasa. Albasa kuwa ba kayan gaggawa ba ce, sai ka yi watanni kana ban ruwa kafin ka ga kai. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, a wannan hali kake dashe? Wa ya tabbatar maka kai za ka cire ta?"

Bai ko miƙe ba. Ya ce, "Pasto, in ban dasa ba, ai na ba su gonar tun ba su zo ba."

Na koma gida maganar tana cina. Daren nan na buɗe Irmiya sura 32, wurin da muka taɓa rubuta jarrabawa a kansa a kwalejin tauhidi, na ci maki mai kyau, ashe ban fahimce shi ba. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabi kansa yana tsare a gidan waƙafi na fada. Sai ga ɗan'uwansa Hanamel ya zo masa da tallan gona a Anatot. Wa ke sayen gona a ƙasar da ke shirin faɗawa hannun abokan gaba? Irmiya ya saya. Ya auna shekel 17 na azurfa, ya kafa shaidu, ya ba Baruk takardun ya ce a adana su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, bayan ya biya ne ya juya ga Ubangiji da addu'a mai cike da tambaya. Bai jira zuciyarsa ta kwanta ba kafin ya yi biyayya. Birnin kuma ya faɗi, kada mu manta. Allah bai yi masa alkawarin cewa yaƙi zai tsallake shi ba.

A nan na durƙusa. Addu'ar farko ba ta da daɗin ji, ƙorafi ce kawai. Amma dai da Shi nake magana.

Ba ina cewa ku yi ganganci ba. Wanda ya kwashe iyalinsa ya tafi bai yi zunubi ba, kuma har yau ba na son kowa ya bi hanya bayan la'asar saboda taron zumunta. Damuwata wani abu ne dabam. Wahala in ta daɗe takan cinye abin da ɗan bindiga bai taɓa ba. Na ji wani cikinku ya ce ba zai ƙara gaida Bafillace ba har ya mutu. Na fahimci zafin, na san abin da aka yi wa gidansu. Sai dai wanda ke kawo mana nono shi ma an kore masa shanu, kuma maƙwabtanmu Musulmi sun binne nasu fiye da yadda muka binne namu. In ƙiyayya ta yi saiwa a zuciyarka, ina Ruhu Mai Tsarki zai sami wurin dasa ƙauna da haƙuri? Ita ma gona ce, ana iya ba da ita tun ba a zo ba.

Mako biyu bayan haka na sake buɗe ajin baftisma, da rana tsaka, da mutum huɗu. Ɗaya ta koma Gusau kafin mu gama, uku aka yi wa baftisma.

Baba ya cire albasarsa a shekarar, ko da yake kasuwa ba ta yi masa kyau ba. Yanzu gwiwa ta hana shi sunkuyawa, irinsa kuma ya isa dashe. Ranar Asabar da safe za mu haɗu a ƙofar majami'a, mu tafi tare, mu dawo kafin azahar. Mai fartanya ya zo da ita.