Zuwa ga Auta, bayan fitar takaba



Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa can ta fi masa nan.

Inna ta gaya mini tun da kika fita takaba masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ke kuma kika koma kuka a ɓoye. Sai kin shiga banɗaki kin saki famfo don kada yara su ji, sannan ki wanke fuska ki fito ki ɗora tukunya. Ta ce kin tambaye ta ko wannan kukan rashin tawakkali ne. Tambayar nan ce ta sa na ɗauki biro.

Ba rashin tawakkali ba ne, Auta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib har yau sunanta shekarar baƙin ciki a littattafan tarihi. Annabi Yakubu ya yi kewar Yusuf har idonsa ya tafi. Wa zai ce waɗannan ba su da haƙuri? Mu ne dai muke jefa wa mai makoki "yi haƙuri" da sauri, wani lokacin don mu huta da ganin hawayensa.

Akwai wani malami da nake so ki sani, Abu Zaid al-Balkhi, mutumin yankin Balkh a ƙasar Afganistan ta yau, almajirin al-Kindi. Shi al-Balkhi ya rasu a shekarar 934. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya yi ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun tattara hankali kan jiki sun manta da zuciya, alhali mutum kan daɗe bai yi ciwon jiki ba, amma da wuya ya wuni bai ɗanɗani fushi ko tsoro ko damuwa ba. Ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai wanda an san mafarinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya. Akwai kuma wanda ke danne mutum haka kawai, ya raba shi da kuzari da jin daɗin komai, wanda ya ce tushensa a jiki yake, sai an haɗa da magani. Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, shi ya fassara sashen zuciya na littafin zuwa Turanci a 2013, ya nuna yadda ya yi kusa da abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke yi yau.

Naki mun san mafarinsa. Ga irinsa, shawarar al-Balkhi ita ce mutum ya tanadi tunani mai kyau tun zuciyarsa na kwance, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Ranar da kika tashi da ɗan sauƙi, ki rubuta abin da hankalinki ya yarda da shi: cewa zafin rashi a farko ya fi tsanani, cewa yaranki na raye, cewa kin yi jinyarsa iya ƙarfinki. Daren da ƙirji ya cushe ba za ki iya ƙirƙiro waɗannan ba, amma za ki iya karantawa. Ya kuma ce a nemi mai hankali a gaya masa, domin mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani.

Sai dai ki lura. Idan makonni suka yi ta wucewa ba barci, ba cin abinci, ko ranki ya fara raya miki gara mutuwa, ki faɗa mini a ranar, mu je wajen likita. Ba hauka ba ne, kuma ba ya hana addu'a.

Kin kuma ce rayuwa ba ta da sauran amfani. Viktor Frankl, likita Bayahude ɗan Ostiriya, ya fito daga sansanonin 'yan Nazi a 1945 ya tarar matarsa da mahaifiyarsa da ɗan'uwansa duk sun mutu a can, mahaifinsa kuwa ya riga ya rasu yana gani. Abin da ya fahimta, ya rubuta a littafinsa na 1946, shi ne mutum na samun dalilin rayuwa ta aikin da ke jiransa, ko wanda yake ƙauna, ko yadda ya ɗauki wahalar da ba makawa. Ban kawo shi don in ce wani ya fi ki shan wuya ba. Na kawo shi ne don na tuna keken ɗinkinki da ke lulluɓe da zane, da 'yar ƙaramarki da ba ta yarda kowa ya yi mata kitso sai ke.

Zan zo bayan sallah in kwana biyu, in Allah ya yarda. Na aiko direba da atamfa turmi ɗaya, ki ɗinka mini yadda kika ga dama, ba gaggawa. Ki gaida Inna, ki shafa mini kan yara.

Yayarki