Kyamarar da ka sa don ɓarawo, wa kuma yake kallo ta cikinta?

Jama'a, tunda sola ta wadata, abin da ake yayi daga Rano har Kibiya shi ne rauta da kyamarar tsaro. Mai shago ya sa, mai POS ya sa, har nan Unguwar Gai akwai masu maƙala ta a tsakar gida don su riƙa leƙa iyali daga Kano ko Legas. Ban ce laifi ba ne. Amma wa ya taɓa tambayar mai haɗa masa ta wace ƙofa hoton nan yake fita?

Duk na'urar da ke kan intanet tana da ƙofofi masu lamba, daga 1 har 65,535. Aikin katangar tsaron da ke cikin rauta shi ne ta hana na waje shigowa ta cikinsu. Da na gwada tawa da wata manhaja a waya, sai ga 53 da 80 a buɗe. To kar gaban kowa ya faɗi in ya ga haka. Gwaji ne daga cikin gida, su kuma waɗannan biyun aikin cikin gida suke: 80 ita ce shafin saiti da kake shiga ta 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, 53 kuwa ita ke nemo adireshin shafuka. Wanda ke ɗaki ai dole ya ga ƙofar ɗaki. Abin dubawa shi ne me na titi yake gani, kuma shafi irin ShieldsUP yana gwada wannan kyauta.

Nan ma akwai ruɗani. Yawancinmu layin waya ne a cikin rautar, kuma kamfanoni kan tara mutane da yawa a bayan adireshi guda. Shiga saiti ka duba adireshin da aka ba rautarka. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to sakamakon gwajin waje na na'urar kamfani ne, ba taka ba. Tawa haka take.

Na wani ɗan'uwana mai shago a Kano ne ya tayar min da hankali. Shi layin faiba ya ja, adireshinsa na kansa ne, kuma 554 da 8000 a wangale suke ga duniya. Ya rantse bai buɗe komai ba, kuma gaskiyarsa. Akwai wani tsari a rauta mai suna UPnP da yake ba kowace na'ura damar buɗe wa kanta ƙofa ba tare da ta nemi izini ba. Akwatin kyamarorinsa ne ya yi aikin. Ita 554 ɗin nan ta cikinta bidiyo yake bi. Kalmar sirri kuwa tana nan yadda ta zo a kwali. Muka kashe UPnP, muka goge jerin ƙofofin da ya buɗe, muka kashe shiga saiti daga nesa, muka sake kunna rautar. Gwaji na biyu, duk a rufe.

Wani zai ce wa zai damu da shagona? Ai ba mutum ba ne yake zaɓenka, manhaja ce ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana. A 2014 shafin Insecam ya baje hotunan kyamarori sama da 70,000 kai tsaye, saboda kawai ba a canza kalmar sirri ba. A 2016 Mirai ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofa ta 23 da kalmomin sirri kusan 60 na kamfani, ta tara kyamarori da rautoci ta afka wa kamfanin Dyn ranar 21 ga Oktoba, har Twitter da Netflix suka ɗauke a sassan Amurka. Wata guda bayan nan, rautoci kusan 900,000 suka tsaya a Jamus ta dalilin ƙofa ta 7547, wadda kamfani ke amfani da ita wajen gyara daga nesa.

Mu masu layin waya kuma kar mu saki jiki. Ƙananan kyamarorin nan masu araha ba sa jiran a buɗe musu ƙofa, su suke fita da kansu su haɗu da uwar garken kamfaninsu, wayarka ta same su a can. Katanga ba ta tare mai fita. Don haka wanda ya haɗa maka, in asusun yana wayarsa, yana ganin abin da kake gani. Ka karɓi asusun, ka canza kalmar sirri da hannunka bayan ya tafi. Ni dai a nawa ra'ayin, kyamara ta tsaya a zaure da bakin sito. Tsakar gidan da baƙo namiji ba ya shiga sai da sallama, ban ga dalilin kai hotonsa wata kwamfuta a ƙasar waje ba.