Abin da Dara Ta Riga Ta Koya Mana Game da Wasan Kwamfuta

Wasan da ya fi riƙe magidanta a ƙasar Karaye da Rogo ba shi da hoto ko kaɗan. Gurabe 30 ne a ƙasa, layi biyar na shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan da tsinkaye, wancan da tsakuwa. Sai an dasa su kaf sannan a fara gusawa gida-gida, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. Jerin huɗu ba ya ci. Iyakar dokokin dara ke nan, amma takan zaunar da dattawa daga la'asar har a kira magariba.

Na kawo dara ne saboda wani ma'auni da nake yawan ji a bakin matasanmu, a shagunan cajin waya da gidajen gem. Idan aka ambaci sabon wasa, tambayar farko ita ce yadda hotonsa yake: shin ana ganin gumi a goshin ɗan ƙwallo, shin ciyawar fili tana kaɗawa? Wasan da ya gaza a nan sai a ce na yara ne. A ganina wannan ma'auni yana auna riga ne, ya bar mai rigar.

Wasa jerin zaɓi ne. Daɗinsa yana cikin tambayar da yake jefa maka a kowane motsi, da kuma yadda yake hukunta ganganci ya saka wa mai lura. Lokacin da Alexey Pajitnov ya ƙirƙiri Tetris a Mosko a 1984, kwamfutar da yake aiki da ita, Electronika 60, ba ta iya nuna zane, sai ya haɗa tubalan da alamomin rubutu. Siffofi bakwai ne kacal, kowace da murabba'i huɗu, kuma har yau ana bugawa. Macijin nan na wayar Nokia, wanda Taneli Armanto ya tsara a 1997, ɗigo ne baƙaƙe a ƙaramin allo, amma da yawa daga cikinmu ta kansa muka fara sanin wasa a waya. Minecraft, wanda Markus Persson ya fitar a 2009, duniyarsa duk tubali ne mai kusurwa, amma a 2023 an sanar da cewa an sayar da fiye da kwafi miliyan 300.

Ba ina cewa kyan hoto banza ba ne. Masu zane ma gumi suke yi, kuma hoto mai kyau yana taimaka wa ido ya gane abin da ke faruwa. Sai dai ba ya tsayawa shi kaɗai. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 da hotuna masu ɗaukar ido, amma kurakuransa suka yi yawa har Sony ta janye shi daga kasuwarta na tsawon watanni. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ya fi damuna shi ne aikin da ido ba ya gani. Dokar nan ta dara da ta hana jerin huɗu ci ba faɗowa ta yi daga sama ba. Mutanen da ba mu san sunayensu ba ne suka yi ta gwaji har wasan ya daidaita. Haka masu ƙirƙirar wasan kwamfuta suke kwana suna gyara saurin tsalle, da nauyin bugu, da lokacin da wahala za ta ƙaru. Idan sun dace, ba wanda zai lura. Idan sun kuskure, kowa zai yi tsaki. Eric Barone ya shafe fiye da shekara huɗu shi kaɗai yana rubuta manhajar Stardew Valley, yana zana hotunansa, yana tsara kiɗansa, kafin ya fito a 2016. A wannan shekarar ce kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde ya fitar da Aurion, bayan doguwar fama da ƙarancin jari da ɗaukewar wuta.

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Matashin da ke zaune a Rogo da tsohuwar kwamfuta, yana lissafin data da caji, ba zai taɓa yin gasar hoto da kamfanin da ke da ɗaruruwan ma'aikata ba. Amma zai iya yin gasar tunani, domin tsara doka mai daɗi ba ta buƙatar babbar na'ura. Idan mu da muke da ilimi da ɗan abin hannu muka dubi aikinsa na farko muka ce hotonsa bai yi ba, mun kashe masa gwiwa a kan abin da ba shi da iko a kai, kuma mun jinkirta ranar da za a sami wasan da ke magana da Hausa.

Saboda haka, idan ƙaninka ya miƙo maka wayarsa ya ce ga abin da ya haɗa, ka buga na minti goma kafin ka ce komai. Sannan ka tambaye shi wace doka ce ta fi ba shi wahala, kuma sau nawa ya sauya ta. Amsarsa za ta nuna maka yawan aikin da ke cikin ɗan abin da ke hannunka.