Kujerar Tsakiya

Jama'a, duk wanda ya shiga silima a Kano a shekarun 1990, irin su Plaza da Marhaba, ya san zaɓen wurin zama ma aiki ne. Bencin gaba ya fi araha, amma wuyanka zai sage awa uku har fim ɗin Indiya ya ƙare, fuskar Amitabh kaɗai ta cika maka ido. Baya kuwa ga tsada, ga nisa. Ni tsakiya nake nema, daidai saitin hasken majigi, nesa da lasifika. Da yake yawancin silimun ba rufi, da damina sai na fara duba sama kafin in zauna. Littafina na farko ma a irin wannan kujerar na ƙulla labarinsa.