Waƙoƙin da Suka Haye Kogi

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Gaskiya ne kuwa, gama wanda ba ya taka ƙafa zuwa gidan ɗan'uwansa, sannu a hankali sai ya zama baƙo a gare shi. Amma akwai lokacin da akan tare wa ƙafa hanya, sai mutum ya nemi wata ƙofa da labarin 'yan'uwa zai riƙa shigo masa. Mu mazauna bakin kogi mun ga irin wannan lokaci, ni kuwa na tarar ɗaya daga cikin ƙofofin nan ita ce sabuwar waƙa. Abin da nake so in bayyana wa mai karatu ke nan.

Garinmu Garou yana ƙasar Malanville, can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, kusa da Kogin Kwara. A hayin kogin Nijar ce, da garin Gaya. Idan kuwa mutum ya bi ruwa ya gangara, ba da jimawa ba zai shiga Jihar Kebbi ta Nijeriya. Saboda haka kunnenmu ya saba da harsuna da yawa. A kasuwar Malanville za ka ji Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fillanci da Faransanci kafin ka gama cinikin albasa buhu ɗaya. Kiɗa ma haka yake zuwa mana, ta kowace kusurwa.

Ina da wata al'ada. Kowace shekara in an gama girbin shinkafa, nakan ɗauko wani tsohon littafin rubutu in jera waƙoƙin da suka fito a shekarar, waɗanda na ji har suka zauna mini a rai. Ba su cika wuce goma ba. A gefen kowace nakan rubuta wanda ya kawo mini ita, da inda na fara jinta. Tsarana sukan yi mini ba'a su ce, "Malam, da furfurarka me ya haɗa ka da kiɗan yara?" Nakan yi dariya kawai in ci gaba da rubutuna.

A zamanin samartakarmu sabuwar waƙa da mota take zuwa. Direbobin manyan motoci masu ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Yamai sukan kwana a Malanville suna jiran 'yan kwastan, kowa da kasakasansa. Fataken Kamba da Sakkwato kuma sukan zo da na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge. Da dare mukan kama Rediyon Kaduna ko Muryar Sahel ta Yamai. Waƙa takan yi watanni kafin ta iso mu, in ta iso kuwa mukan riƙe ta har zaren kaset ya tsinke, mu liƙe shi mu ci gaba.

Daga baya wayar hannu ta zo, da ɗan katin nan da ake kira memori. Samari suka kafa rumfuna da kwamfuta, ka ba su 'yan daloli su tura maka waƙa ɗari. Yanzu kuwa ga WhatsApp da YouTube da TikTok. Waƙar da aka saki a Kano da safe, kafin la'asar 'yan kabu-kabu sun haddace ta. Haka "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta iso mu a 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida, haka kuma "Warr" da "Chass" na Ado Gwanja a 2022.

Sa'an nan aka shiga wani hali. Ran 26 ga Yuli 1923 ba mu san shi ba, amma ran 26 ga Yuli 2023 kowa a nan ya san shi, gama a ranar ce sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, gadar da ake bi tun 1958. Motoci suka yi layi, kaya suka lalace, mata masu sayar wa direbobi abinci suka rasa ciniki. A watan Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, amma na Nijar ya kasance a rufe. Mutane suka koma hayewa da kwale-kwale, har a watan Mayu na shekarar aka hana wannan ma na wani lokaci. Wanda yake da uwa ko 'ya a Gaya, yana hangen garin da idonsa, amma zuwa ya zama aiki.

Duk da haka shafin 2024 na littafina bai zauna fari ba. Waƙa ba ta jiran kwale-kwale, ba a kuma tambayarta takarda. Bari in ambaci huɗu daga cikin abin da na rubuta.

Ta fari ita ce "Fatima Mai Zogale" ta Dauda Kahutu Rarara, mutumin Jihar Katsina. An san shi da waƙoƙin siyasa, na shugabanni da gwamnoni, sai ga shi ya juya yana yabon mai tallar zogale. Na fara jinta a bakin wasu 'yan mata masu surfe. Zogale abincin talaka ne, mu ma nan muna kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli, shi ne Zabarmawa suke kira kopto. A watan Agusta na shekarar aka yi zanga-zangar tsadar abinci a Kano da Kaduna da wasu garuruwa. A ganina abin da ya sa waƙar ta karɓu ke nan. Mutanen da tukunyarsu ta yi sanyi sun ji daɗi da aka ɗaga sunan mai ɗan faranti a ka. Da na ji ta sai na fahimci halin da 'yan'uwanmu na Nijeriya suke ciki, fiye da yadda labarun rediyo suka fahimtar da ni.

Na biyu faifan Mdou Moctar ne, Ba'abzinen jihar Tawa mai kaɗa jita da hannun hagu. Ya fito a watan Mayu 2024, da suna "Funeral for Justice", wato jana'izar adalci. Ba na jin harshensu, sai wani Ba'abzine mai gadin sito a Malanville ya zauna ya fassara mini, muna shan shayi. A waƙa ɗaya yana kiran mutanensa kada su bar harshensu ya ɓace, a wata kuma yana yi wa Faransa magana a kan abin da ta yi a ƙasashenmu. Tarihin mutumin nan ma abin lura ne. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke ya tattara irinsu ya fitar da su a 2011, duniya ta san shi. Juyin mulkin 2023 ya same shi da abokan kiɗansa a Amurka, suka kasa komawa gida na wani lokaci. A zaman jiran nan suka sake ɗaukar waƙoƙin da jita marar lantarki, aka fitar da su a 2025. Ashe rufe hanyar da ya hana ni zuwa Gaya, shi ma ya taɓa hana shi zuwa gida.

Na uku na Etran de l'Aïr ne, wato taurarin Abzin, makaɗan biki na Agadas, 'yan dangi ɗaya. Faifansu ya fito a watan Satumba 2024. Kiɗa ne mai sauri irin na ranar kai amarya. Da na ji shi sai na ce a raina, to, har yanzu ana ɗaurin aure a Agadas, ana rawa, ana guɗa. Wannan ma labari ne, ko da yake ba za ka ji shi a rediyo ba.

Ta huɗu ba ta da suna, ban kuma san wadda ta rera ta ba. Ƙanwata tana aure a Gaya. Bikin 'yarta ya faɗo a kwanakin da aka hana hayewa, ban sami zuwa ba. Kashegari ta aiko mini da wata waƙar Zabarmanci da aka ɗauka da waya a tsakar gida, sabuwa, wadda wata zabiya ta shirya domin amaryar. Sautin ba shi da kyau, iska tana bugawa, yara suna kuka. Amma can cikin hayaniyar na ji guɗar ƙanwata, na gane ta kamar yadda mutum yake gane tafiyar ɗansa da dare. Na kira ta na ce, "Ƙanwata, na ji ki." Ta ce, "Yaya, ai dominka na ɗaga murya." A littafina ita na sa a kan gaba.

Na san abin da wasu dattawa za su ce. Za su ce waƙoƙin yanzu holoƙo ne, fiyano ce take kiɗan, na'ura ce take gyara murya, wasu kuma ba su jiyuwa a gaban 'ya'ya. Akwai gaskiya a ciki. Ni ma da yawa nakan ji sau ɗaya in share. Amma wanda ya ƙi sheƙa saboda ƙaiƙayi, ba zai ga tsaba ba. Kalangun Shata ma ya taɓa zama sabon abu, haka kuntigin Ɗanmaraya. Abin da muke kira waƙoƙin da, su ne 'yan kaɗan da suka rage bayan an sheƙe na zamaninsu. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Idan muka ce daga kansu an rufe ƙofa, mun ce ke nan 'ya'yanmu ba su da abin faɗa.

Ga yadda nake yi. Kowace sabuwar waƙa nakan ba ta ji uku. Ji na fari na kiɗa ne, in ga ko jiki ya amsa. Na biyu na magana ne, in bi kalmomin ɗaya ɗaya, in harshen ba nawa ba ne in nemi mai fassara. Na uku kuwa nakan ji ta tare da wanda yake sonta, in tambaye shi dalili. Wannan na ukun shi ne mafi amfani. Ɗan ƙanena ba mai yawan magana ba ne, amma ran da na ce ya kunna mini waƙar da ya fi so a shekarar, sai ya dube ni ya ce, "Baba, da gaske kake?" Na ce da gaske. Waƙar rabuwa ce. Daga nan na san akwai wata yarinya a hayin kogi da ya daɗe bai gani ba, muka yi maganar da da ba za mu yi ba.

Manyan mawaƙa ma sun san wannan. Angélique Kidjo, 'yar ƙasarmu da aka haifa a 1960, ta fitar da faifan "Mother Nature" a 2021 tare da matasa irin su Burna Boy da Yemi Alade, faifan kuma ya ci lambar Grammy a 2022. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ƙudan zuma bai daina aiki ba.

Saboda haka, mai karatu, in shekara ta zo ƙarshe, ka tambayi kanka sabuwar waƙa nawa ka saurara har ƙarshenta. Ka kira ɗanka, ko 'yarka, ko maƙwabcinka mai wani harshe, ka ce ya jiyar da kai abin da ya fito a wajensu. Ka zauna ka ji sau uku kafin ka yanke hukunci. Gwamnatoci sukan rufe gada, su buɗe ta ran da suka shirya, wannan ba a hannunmu yake ba. Kunne kuwa namu ne. In ƙafa ta kasa kai zumunci, kada mu bari kunne ma ya kasa.