DAGA ƘONNI ZUWA ILLELA: MATA NA KOYON SAƘAR RIGA DAIDAI JIKI

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, ga ɗari ya ƙwanƙwasa ƙofa. Kowa ya san halin hunturu a ƙasar Adar da Majiya. A watan Afirilu zafi yakan wuce digiri 40. Amma a Disamba da Janairu, wasu darare sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 15. Babba shi ja bargo. Jinjiri fa? Shi ne ya fi kowa shan wuya.

Domin haka munka zaga gundumomi uku na jahar Tawa: Ƙonni, Malbaza da Illela. Mun je ganin mata masu koyon saƙar kayan sanyi da allura biyu da kwarashi. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne darasin awo, watau yadda ake saƙa hula ko riga ta zauna daidai jikin mai ita. Ga abin da munka gano. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Birnin Ƙonni: a auna kafin a saƙa

Daga Yamai zuwa Birnin Ƙonni wajen kilomita 420 ne bisa babbar hanya. Ƙonni garin iyaka ne. Kudu da shi kaɗan ga Illela ta Najeriya, hanyar Sakkwato. Kada ku haɗa ta da Illelarmu ta Adar, wadda za mu je gaba. Ta wannan iyaka kaya da yawa ke shigowa kasuwa, har da zaren ulu kala-kala.

Kewayen gari ga gonakin noman rani. An gyara su kashi biyu, a 1979 da 1982, faɗinsu ya zarce hekta 2,400. Ruwansu na zuwa daga madatsun Mozage da Zango, a tara shi a Cerasa. Ƙasar Majiya ta daɗe da sanin auduga. Kakanninmu mata sun yi kaɗi da mazari, sun fitar da zare da abawa. Masaƙa sun saƙa ƙwarya, tela shi yanka shi haɗa. Ashe zare ba baƙo ba ne a nan. Bambanci ɗaya ne. Masaƙi na saƙa abu miƙaƙƙe, almakashin tela ke ba shi siffa. Mai saƙar allura kuwa ba ta yanka kome. Siffar riga daga lissafinta take fitowa.

Koya ma mata ɗinki da saƙa ya daɗe a ƙasarmu. Ma'aikatan animasiyo sun yi ta tun bayan samun ƴancin kai a 1960. Ƙungiyar Matan Nijar, wadda anka kafa a 1975, ita ma ta ba da ƙarfi ga gidajen koyon sana'a na mata, waɗanda ake kira fuwaye. Matan da sunka koya can sun koya ma ɗiyansu da maƙwabta.

A wani gida cikin Ƙonni munka iske mata zaune bisa tabarmi, kowace da zarenta. Malamarsu ba ta bari a fara riga ranar farko. Sai kowace ta saƙa ɗan gwaji, kamar tafin hannu. Sannan a aza mitar tela bisanshi, a ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10.

Mi ya sa? Domin hannu ba ɗaya ba ne. Wata na matse zare, wata na sakin shi. Zare ma akwai siriri, akwai mai kauri. Mata biyu na iya ɗora ido 60 kowace, ta farko ta samu rigar jinjiri, ta biyu ta samu ta ɗan yaye.

Ga misali. In gwajinki ya ba ki ido 20 cikin santimita 10, to kowane santimita ido 2 ke nan. Duk awon da kinka ɗauka a jikin yaro, ki ninka shi biyu. Amsar ita ce yawan idon da za ki ɗora bisa allura. In naki gwajin ya ba da wani adadi, ki bi naki.

Taƙi da kamu sun yi ma iyayenmu aiki, amma taƙin kowa daban. In babu mita, ki samu igiya. Ki zagaya ƙirjin yaro da ita, ki ƙulla a inda ta haɗu. Ki aza igiyar bisa saƙarki lokaci lokaci. Tun ran gini ran zane.

Malbaza da Galmi: hular jinjiri

Mun bar Ƙonni, mun wuce Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi. Munka miƙe gabas. Tun daga nesa ake hango masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki a 1966. Malbaza ta zama gunduma mai kanta a 2011. Gaba kaɗan sai Galmi, wadda jar albasarta ta yi suna har ƙasashen bakin teku. A nan kuma akwai asibitin mishan da anka buɗe a 1950, inda mata da yawa ke zuwa haifuwa daga nesa.

A wanga yanki munka ga darasin hula. Kuma hular jinjiri ba ado ba ce kawai. Kan jinjiri babba ne in an gwada shi da jikinshi, zafin jiki mai yawa na fita ta nan. Likitoci sun ce zafin jikin jinjiri mai lafiya na tsakanin digiri 36 da rabi da 37 da rabi. Wanda anka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, da bakwaini, su ne sanyi ke saurin kamawa. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, likitoci sun fara wata dabara: uwa ta aza irin wanga jinjiri bisa ƙirjinta, fata da fata, a rufe su da zane. Dabarar ta yaɗu cikin duniya. A cikinta ma ana sa ma jinjirin hula.

Amma sai hular ta yi daidai. Mai faɗi takan zame, ta rufe hanci da baki. Mai matsi takan dame shi, ta bar sawu a goshi.

Kan sabon haifuwa wajen santimita 35 ne in an zagaya shi. Saƙa tana miƙewa, saboda haka a rage kaɗan, a ɗauki 32. A ninka biyu, ido 64 ke nan. Ga yadda malamar ta bi da su:

Na ɗaya, bakin hula. Ido ɗaya ta gaba, ido ɗaya ta baya, har layi ya ƙare. Irin wagga saƙa tana buɗewa ta koma, ita ke riƙe hula ga kai.

Na biyu, a yi ta saƙa miƙe har tsawo shi kai santimita 8 ko 9.

Na uku, ragi. A raba ido 64 gida takwas, kowane gida ido 8. A kowane gida a saƙa 6, a haɗe biyun ƙarshe su zama ɗaya. Saura 56. A saƙa layi ɗaya ba ragi. A sake ragewa: 48, sai 40, sai 32, sai 24, sai 16, sai 8.

Na huɗu, a zura zare cikin takwas ɗin da sunka rage, a ja, a ƙulla ta ciki. A ɗinke gefe.

Kun ga ke nan yadda abu shimfiɗaɗɗe ya koma kamar ƙwarya. Wadda ba ta san ragi ba, sai ta saƙa kamar jaka ta tattare bisa. Irin wagga hula na cin zare da yawa, kuma tana yin ƙullutu a tsakar kai.

Illela: riga mai hannu

Mun komo Tsarnawa, munka kama hanyar Tawa. Mun wuce Gidan Idar, mun isa Badagishiri mai babbar kasuwa. Daga nan munka ratse zuwa Illela, mazaunin Sarkin Adar. Ƙasa ce ta tudu da duwatsu da kwari. Iskar hunturu na kaɗawa bisa tudu ba abin da ke tare ta. Yaran da ke fita da bisashe da sassafe sun san wannan.

Makiyaya za su yi tambaya: tumakinmu fa? Uda da balami da ara-ara tumakin gashi ne, ba su ba da ulun saƙa. Cikin tumakin ulu na ƙasarmu akwai kundum, ta bakin kogin Isa, wajen Tilaberi. Zaren da ake saidawa a kasuwanninmu kuwa, ko da ana ce mashi ulu, mafi yawanshi na roba ne, daga masana'anta.

Matan da munka iske a wani ƙauye kusa da Illela sun samu dabarar rage tsada. Suna sayen tsohuwar rigar sanyi ta babba a gwanjo, su warware ta. Su naɗe zaren a ƙafafun kujera, su ɗaure, su wanke, su shanya a inuwa har lanƙwasar ta miƙe. Riga ɗaya ta babba na isa rigar yaro, har a samu ragowar hula ko safa.

Ga lissafin rigar yaro mai shekara biyu, da gwajin nan na ido 2 ga santimita.

Ƙirji: a ce an auna an samu 52. A ƙara 6, domin shi sa ta bisa wata riga, kuma yaro girma yake. Ya zama 58. A ninka biyu, 116. Rabi na gaba, rabi na baya: ido 58 kowane.

Hamata: in tsawon ya kai hamata, a rufe ido 4 dama, 4 hagu. Saura 50. A ci gaba kusan santimita 12 zuwa kafaɗa. In ba a yi wanga ragi ba, riga takan tattare a hamata, kafaɗa ta zubo.

Wuya: nan ne mafi yawa ke faɗuwa. Kan ɗan shekara biyu wajen santimita 48 ne, ya kusa kai ƙirjinshi. Riga na iya yin daidai jiki, kai shi ƙi shiga. Magani shi ne a bar kafaɗa ɗaya buɗe, a sa maɓalli biyu ko uku. A ɗinke su da ƙarfi, kada yaro shi cire shi haɗiye.

Hannu: a fara daga wuyan hannu da ido 30. Kowane layi shida a ƙara ido ɗaya dama, ɗaya hagu. A yi haka sau takwas, a samu 46. Hannun mutum siriri ne ƙasa, mai kauri bisa, haka hannun riga zai bi shi.

Nan munka ga amfanin karatun manya. Matan da sunka shiga yaƙi da jahilci suna rubuta awonsu a takarda: ƙirji kaza, ido kaza. Badi sai su duba, su ƙara kaɗan. Kuma hannun dama da na hagu na fitowa tsawo ɗaya, tunda lissafi ɗaya anka bi.

Gargaɗi huɗu

Zaren roba na narkewa in wuta ta taɓa shi, shi manne ga fata. Yaro mai irin wagga riga kada shi matsa kusa da murhu ko wutar jin ɗumi.

Kada a sa doguwar igiya ga wuyan riga ko hular jinjiri. Tana iya shaƙe shi.

In rana ta ɗaga, a tuɓe ma yaro kayan sanyi. Zufa na kawo ƙuraje. A wanke su da ruwa mai sanyi, a shimfiɗa su bushe. In an rataye su jiƙe, sai su zazzago, awon ya lalace.

Rigar sanyi ba magani ba ce. Yaron da ke tari, shina numfashi da sauri, ko haƙarƙarinshi na shiga ciki, a kai shi likita ranar nan. Haka jinjirin da jikinshi ya yi sanyi ko ya ƙi nono.

Abin da ya rage gare mu

Saƙa sana'a ce. Kayan suna da na goyo ba su rasa mai saye. Amma mai saye na komawa wurin wadda rigarta ta shiga kan ɗanta, ba wadda tata ta koma ƙasan akwati ba. Kuma kasuwar kayan sanyi gajera ce. Wadda ta fara tun Oktoba ita ke cin Disamba da Janairu. Wadda ta jira sai Maris, sai ta aje kaya har badi.

Ƴan uwa mata, wadda ta iya ta koya ma biyu. In mita ɗaya ce a unguwa, ku yi aro. Ku haɗa kuɗin adashi ku sayi zare da yawa, ya fi sauƙi.

Ƴan uwa maza, ku bar matanku da ɗiyanku su je koyo. Kuɗin allura biyu da ƙullin zare bai kai na jinyar yaro ba.

Malaman karatun manya, ku sa wanga lissafi cikin darasi: ninkawa, rabawa, ƙari da ragi, duka suna cikin hula ɗaya.

Garin da ke da masu wagga sana'a, ku rubuto ma jaridarku, mu buga dabarunku kowa shi ƙaru. Allah shi raya mana zuri'a, shi fisshe mu ɗari lafiya, shi kai mu damana mai albarka. Amin.